Agogo a Hannun Barira

Barira ba ta so zuwa ba, amma ba ta ga ta inda za ta faɗa wa mijinta haka ba. Tun da sassafe Zahraddeen ya goge rigar aikinsa mai ruwan toka, ya riƙo hannun 'yarsu Mubina, ya tsaya a bakin ƙofar gidansu da ke Wangsa Maju yana kaɗa makulli.

"Barira, mai mota ya iso fa. Shinkafar nan ba gidan biki za a kai ta ba, rufe kular haka nan."

Ta rufe, ta ja hijabinta ta bi bayansu.

Shekara huɗu ke nan da zuwansu Kuala Lumpur, shi yana karatun digiri na uku a kan injina, ita tana gida. Bara ta zo musu da tsanani. Malaminsa ya yi ta dawo masa da aikinsa, har ta kai Zahraddeen ya daina magana sai dole, abinci ma sai ya tsakura ya ture. A cikin wannan hali ne wani abokin karatunsa ya ja shi wani fili a bayan Taman Melati, inda wasu tsofaffi ke taruwa suna tuƙa ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da wuta da ruwa. Ranar ya dawo yana warin hayaƙin kwal, yana dariya shi kaɗai a banɗaki. Barira ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare, don ta manta rabon da ta ji wannan dariya.

Shugaban tsofaffin, Pakcik Rosli, ya ba shi wani mataccen kan jirgi ya ce ya gwada sa'arsa. Wata da watanni yana kai, ya goge nan ya ɗaure can, har jirgin ya tashi. Yanzu karatu ya ƙare, ƙarshen watan nan za su koma gida, jirgin kuma na Pakcik ne, a nan zai zauna. Tsofaffin ba sa buɗe filin sai Lahadin farkon wata. Wato yau ce kaɗai ta rage, ga shi ya daɗe da yi wa Mubina alkawari cewa shi da kansa zai ɗauke ta ya zagaya da ita. Sai dai ba a barin kowa ya ɗauki yaro sai an auna gudunsa an ga ya iya riƙe hannunsa. Barira kuwa ta san hannun mijinta. Ta sha zama kusa da shi a mota tsakanin Kano da Bichi tana karanta duk addu'ar da ta iya.

Filin bai kai na ƙwallo ba. Wani siririn layin dogo ne ya zagaye shi, faɗinsa bai wuce tafin hannu a buɗe ba, ya ratsa ta gindin ayaba, ya miƙe sambal a gaban rumfar da mutane ke zama, sannan ya yi kwana a gefen wata kwata mai baki na siminti. Duwatsun bayan unguwar sun yi shuɗi saboda hadari. Iska ba ta motsi, zufa tana bin bayan Barira tun kafin ta sami wurin ajiye kula.

Jirgin Zahraddeen kore ne, tsawonsa bai fi na dardumar salla ba. Amma wuta ce ta gaske a cikinsa, tana ci jajur ta wata 'yar ƙofa, ruwan tukunyarsa yana huci. Direba kan zauna a kan ɗan tarago a bayansa, masu hawa kuma su zauna a wani dogon tarago kamar benci, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

"A'a, ga uwargidan direba," in ji Alkasim, abokin Zahraddeen, wanda ya riga su zuwa da wasu ɗalibai daga Setapak. Wayarsa tana hannu, ya riga ya fara ɗaukar hoto. "Madam, an kawo mana makan, wato abinci, ko sai mun gangara shagon abincin mamak?"

"Akwai shinkafa," ta ce tana kallon ƙasa.

"To Allah ya ba Dakta sa'a, mu dai tamu ta riga ta yi kyau."

Pakcik Rosli ya taho yana goge hannu da tsumma. Gajeren tsoho ne mai farin gemu kaɗan, da baƙin mai har cikin farcensa. Ya gaisa da kowa, ya shafa kan Mubina, sannan ya ciro wani agogon auna gudu mai igiya daga aljihu. Ya wuce Alkasim da sauran mazan, ya miƙa wa Barira.

Ta ja da baya, ta dubi mijinta. "Malam, me zan yi da shi?"

Zahraddeen ya yi murmushi. Yana son bayani, ya kuma daɗe bai sami wanda zai yi wa ba. "Abu ne mai sauƙi. Kin ga jirgin nan kashi ɗaya ne cikin takwas na babba. To duk gudun da ya yi a ƙasa sai a ninka sau takwas, shi ne gudunsa da babba ne. Kin ga jan turken can, da wancan na kusa da kwana? Mita ashirin ne a tsakaninsu. In na cinye shi a sakan goma, kilomita bakwai ke nan da 'yan kai a awa, a ninka ya zama kusan sittin. Dokarsu ita ce kada a wuce sittin in akwai yaro."

"Wato sai ya kai goma."

"Goma ko sama, na ci. Ƙasa da goma, na yi gudu. Ke dai danna nan in hancin jirgin ya zo turken farko, ki sake dannawa a na biyu."

"A ba Alkasim mana."

Pakcik ya ji sunan, ya gane. Ya girgiza kai ya yi magana da yarensu. Mubina, wadda ta fi iyayenta jin yaren saboda makaranta, ta juyo.

"Mami, Pakcik ya ce shi ba ya ba aboki agogo, wai aboki yana jin kunyar aboki. Ya ce mamar yaron da zai hau ita take riƙewa. Haka suke yi tun da."

"Kai, tsohon nan ya gano ni," in ji Alkasim. "Da ni ne, tun kafin jirgi ya tashi zan ce goma sha biyu."

Aka yi dariya. Barira ba ta yi ba. A gidansu ba a san uwa da nuna damuwa da 'yar fari a gaban mutane ba. Ko sunanta ba ta kira, sai dai "ke". Ranar da yarinyar ta faɗi tana koyon tafiya a gaban surukarta, Barira ta kau da kai ta ci gaba da tsintar shinkafa, zuciyarta kamar ta fito, sai da wani ya ɗaga ta. Yau ga wani tsohon da bai san wannan ba ya tsayar da ita a gaban maza ya ce ita ce alƙali tsakanin mijinta da 'yarta. Ta karɓi agogon da hannu biyu. Yana da ɗumin aljihunsa.

Sau biyu ake gwaji, in mutum ya ci ɗaya shi ke nan. Aka ɗora buhun yashi a taragon baya, daidai inda Mubina za ta zauna. Pakcik ya tafi can ƙetaren filin inda layin ya rabu biyu, don ya tsare sauran jirage kada su shigo. Barira ta tsaya a inda ya nuna mata, a tsakiya, inda take ganin turakun duka.

Zahraddeen ya zuba kwal da ɗan cokalin ƙarfe, ya duba ruwa, ya ja usur. Jirgin ya tashi a hankali yana tari, ya shige bayan ayaba. Sai hayaƙinsa kawai take gani yana tafiya a saman ganye. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin agogon.

Jirgin ya ɓullo. Daga nesa ba ya kama da abin da ke gudu, kamar mutum ne mai sassarfa. Hancinsa ya zo turken farko, ta danna. Ya wuce ta gabanta, zafin tukunyar ya bugi ƙafarta, ta ga fuskar mijinta da haƙoransa duka a waje. Turke na biyu, ta danna. Jirgin ya shiga kwana, taragon baya ya ɗan karkata, buhun yashi ya zame wajen kwata kamar yatsa huɗu, ya tsaya.

Ta dubi agogo. Bakwai ne da ɗan ɗigo.

Ba ta yi shawara da kanta ba. Babban yatsanta ne ya sami ɗaya maɓallin, lambobin suka koma sifili.

"Madam, nawa?" Alkasim ya kira daga rumfa.

"Ban danna da kyau ba," ta ce.

"Ina ruwan Madam. Dakta, agogo ya fi ƙarfin uwargida, sai ka sake."

Pakcik ya ɗaga yatsa ɗaya daga can ƙetare. Saura ɗaya ke nan.

Zahraddeen ya tsayar da jirgin a gaban rumfa yana ƙara masa ruwa. Barira ta matsa kusa, ta durƙusa kamar mai gyaran takalmi, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, da ka ɗan sassauta."

"In sassauta me? Barira, wannan ai rarrafe ne. Yarinyar nan da ƙafa za ta wuce ni."

"Buhun ya motsa a kwana."

"Buhu ba shi da hannu. Ita tana riƙewa." Ya goge goshinsa, ya bar baƙin layi a kai. "Kin ji yadda yake numfashi kuwa? Bai taɓa ja kamar yau ba. Ke dai ki natsu ki danna, kada ki ba ni kunya a gaban tsofaffin nan."

Kalma ɗaya ce, bakwai, da ta faɗa masa zai tsaya ya yi lissafi, don mutum ne mai yarda da lamba. Amma yanzun nan ta ce ba ta danna ba, a gaban kowa. Ta buɗe baki, sai ga Alkasim ya tsugunna kusa da su da wayarsa yana cewa Dakta ya yi wa mutanen gida jawabi. Ta miƙe ta koma wurinta.

Mubina ta biyo ta tana tsalle. "Mami, in Dadi ya dawo ni ce ko? Zan ɗaga miki hannu. Duka biyun zan ɗaga."

"Ke, koma rumfa."

Jirgin ya sake shiga bayan ayaba. Barira tana ta maimaita sunan Allah a ranta, tana roƙon goma, ko da goma ce cif ba ƙari. Da ya ɓullo ta ga ya fi ɗazu natsuwa, tarin injin yana fita ɗaya bayan ɗaya, ana iya ƙirgawa. Ya ji maganarta ke nan. Ta danna a turken farko, numfashinta ya fara dawowa.

Sai 'yan rumfa suka ɗauki tafi.

"Direba, a ba shi wuta! Mutanen gida suna kallo!"

Ta ga hannun Zahraddeen ya taɓa totur. Kaɗan ya taɓa, amma tarin ya haɗe, jirgin ya miƙe, ya ci sauran tazarar kafin ta haɗiye yawu. Ta danna. A kwana buhun ya sake zamewa.

Takwas da ɗigo biyu.

Ta rufe fuskar agogon da tafin hannu, ta manna shi a ƙirji. Jirgin ya zagayo ya tsaya. Alkasim da kansa ya sauke buhun ya jefar gefe, ya kakkaɓe wurin da hularsa. Mubina ta riga ta ɗora ƙafa ɗaya a kan tarago. Pakcik yana tahowa ta tsakiyar ciyawa, ba ya sauri, sauran tsofaffin ma sun bar jiragensu sun matso.

Bai miƙa hannu ya karɓi agogon ba. Ya tsaya a gabanta ya tambaye ta da baki. Mubina ta ce, "Wai nawa ne, Mami?"

Babu wanda ya ga lambar. In ta ce goma, goma ce. Mijinta zai ɗauki 'yarsa su zagaya, wataƙila ma ya sassauta da ya ji nauyinta a bayansa, wataƙila su wuce kwanar lafiya kamar yadda buhu ya wuce sau biyu. Zai koma gida da wannan a ransa maimakon dogon shirun bara. Ta ɗaga ido ta dube shi. Yana zaune a kan ɗan taragonsa, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa, yana jira kamar yaron da ya san ya ci jarrabawa. Ta kau da ido, sai ya sauka a kan bakin kwata. Simintin ya fashe a wani wuri, wani guntun rodi ya leƙo. Yarinyar ta ce hannu biyu za ta ɗaga.

"Takwas," ta ce.

Muryar ba ta fita sosai ba, amma an ji. Alkasim ya sauke waya.

"Madam, duba da kyau mana. Agogon tsofaffin nan ai ya girme mu duka."

"Takwas ne da ɗigo biyu." Ta buɗe hannu ta nuna.

Pakcik ya dubi Mubina yana jiran fassara. Yarinyar ta gane abin da lambar take nufi, ta matse baki ta ƙi magana. Can Zahraddeen ya share murya, ya faɗa wa tsohon lambar da kansa, da yarensu.

Pakcik ya jinjina kai. "Tak boleh," ya ce a hankali, ya dafa kafaɗar Zahraddeen. Wannan ko Barira ta san ma'anarsa, ba zai yiwu ba; ta sha jin sa a kanti in ta nemi ragi.

Alkasim ya fara roƙo da Turanci, yana cewa mutumin nan tafiya zai yi, a ba shi na uku. Tsohon ya saurare shi har ya gama, ya girgiza kai. Ya sunkuya ya yi wa Mubina magana yana nuna nasa jirgin, wani baƙi babba da ke tsaye a gefe.

"Ya ce zai ɗauke ki a nasa," in ji Zahraddeen, ba tare da ya dubi kowa ba. "Je ki hau."

"Ba na so. Na Dadi nake so."

"Je ki mana."

"Ba na so." Ta sauke ƙafarta daga tarago, ta juyo ta dubi uwarta, idonta ya cika. "Mami, me ya sa ba ki ce goma ba?"

Barira ta miƙa wa Pakcik agogonsa da hannu biyu kamar yadda ta karɓa. Ya ce mata wani abu mai taushi, babu wanda ya fassara.

Zahraddeen ya tura jirgin zuwa inda ake kashe wuta. Ya zare wani ƙarfe a ƙarƙashinsa, garwashin ya zube a tire, ya buɗe wa tururi hanya ya fita har ya ƙare. Ya daɗe yana goge shi da tsumma, har wuraren da ba su yi datti ba. Barira ta buɗe kula ta zuba wa Alkasim da abokansa shinkafa. Suka ci a tsaye suna yaba yaji, ba mai kallon wani. Ta zuba wa mijinta ta rufe da faranti, bai zo ba. Ruwa ya fara saukowa manya-manya a kan kwanon rumfa, tsofaffi suka shiga lulluɓe jiragensu da tamfol.

A motar komawa Zahraddeen ya zauna gaba kusa da direba. Mubina ta yi kuka har ta gaji, ta yi barci da kanta a jikin ƙofa, nesa da uwarta. Ruwa yana dukan gilashi, motoci sun cunkushe tun daga Taman Melati. Barira tana kallon ƙeyarsa, tana jiran ya ce wani abu, ko da faɗa ne. Ta tuna watannin da ya yi yana shigowa yana fita ba magana, ta ji tsoro ya kama ta, kada dai ita ce ta mayar da shi can da bakinta.

Sun kusa gadar jirgin ƙasan cikin gari na LRT ya yi magana, bai juyo ba.

"Gwajin farkon fa, nawa ne?"

Ta kau da kai wajen gilashi.

"Barira, na ga lokacin da kika danna."

"Bakwai," ta ce.

Ta ga gefen bakinsa yana motsi, yana ninkawa.

"Kilomita tamanin da biyu a awa," ya ce, kamar da kansa yake.

Direba ya ƙara wa rediyo murya, wata mata tana ta bayani da yarensu. Can sai Zahraddeen ya zuro hannu ta tsakanin kujeru, har yanzu yana kallon gaba, ya lalubo idon sawun Mubina ya riƙe. Hannun duk baƙin kwal ne, ya ɓata mata farar safa. Yarinyar ta motsa ba ta farka ba. Haka ya riƙe ta, kafaɗarsa a murɗe, har motar ta tsaya a ƙofar gidansu.